Sukar addini daga mahangar marasa addini

Sukar addini daga mahangar marasa addini ita ce auna aƙidu da hukumomin addini da ma'aunin hankali, tarihi da kimiyya, ba tare da jingina da wani nassi ba. Ta sha bamban da muhawarar malamai a tsakaninsu, inda kowa ke kafa hujja da littafin da duk suka yarda da shi. Masu wannan suka ba bakinsu ɗaya ba: akwai mulhidai, akwai masu cewa ba a iya sanin gaibu, akwai kuma waɗanda suka yarda da Mahalicci amma suke adawa da ikon shugabannin addini a kan gwamnati da kotu. Sau da yawa akan yi musu kuɗin goro, abin da ke dagula fahimtar tarihinsu.

Zamanin da

A Girka, Zenofanis, wanda ake jin an haife shi wajen shekara ta 570 kafin Miladiyya, ya lura cewa kowace al'umma na siffanta allolinta da kamanninta. Ya ce da dawakai da shanu na da hannun zane, da sun zana alloli masu siffar dawakai da shanu. A Indiya, mazahabar Charvaka ta ƙaryata littattafan Veda masu tsarki a addinin Hindu da rayuwa bayan mutuwa. Rubuce-rubucenta sun ɓace, kuma mafi yawan abin da aka sani game da ita daga bakin abokan adawarta ya fito.

A zamanin Abbasiyawa ana ambaton Ibnur Rawandi, da likita Abubakar Ar-Razi wanda ya rasu wajen 925, da mawaƙi Abul Ala Al-Ma'arri (973 zuwa 1057). Masana sun yi saɓani kan haƙiƙanin aƙidarsu.

Turai bayan yaƙe-yaƙen addini

Sukar ta yi ƙarfi ne bayan jinin da aka zubar tsakanin Katolika da Furotesta, musamman Yaƙin Shekara Talatin (1618 zuwa 1648). Baruch Spinoza, wanda Yahudawan Amsterdam suka kora daga cikinsu a 1656, ya yi rubutu a 1670 yana kiran a karanta Baibul kamar kowane rubutun tarihi, a kuma bar kowa ya faɗi ra'ayinsa.

Shari'ar Jean Calas ce ta fi fito da abin da ke damun masu wannan suka. Calas ɗan kasuwar yadi ne, ɗan Furotesta, a birnin Toulouse na Faransa. A 1761 aka tsinci gawar ɗansa a gidan, sai jita-jita ta bazu cewa uban ne ya kashe shi don kada ya koma Katolika. Ba a kawo ƙwaƙƙwarar shaida ba. Duk da haka a watan Maris na 1762 aka ɗaure shi a kan gungumen azaba a bainar jama'a, aka kakkarya masa gaɓoɓi, yana ta nanata cewa bai aikata ba, sannan aka shaƙe shi. Voltaire, marubuci ɗan Faransa, ya ɗauki maganar da zafi, ya tara kuɗi, ya taimaki matar Calas, ya cika Turai da wasiƙu, har aka wanke sunan Calas a 1765. Voltaire kansa ya yarda da samuwar Allah. Abin da ya yaƙa shi ne haɗuwar tsattsauran ra'ayi da ikon kotu, kuma wannan ɓangare na sukar shi ne wanda masu addini da yawa suka karɓa daga baya, domin su ma 'yan tsiraru ne a wasu ƙasashen.

Al'umma da siyasa

Ludwig Feuerbach ya ce a 1841 ɗan Adam ne ke ɗaukar kyawawan siffofinsa ya jingina su ga abin bauta. Karl Marx ya ɗora a kai a 1844, ya kira addini ofiyom (ƙwaya mai gusar da zafi) ɗin talakawa, kuma a wuri guda ya kira shi nishin wanda aka danne. Nufinsa addini na rage zafin zalunci ba tare da ya cire tushensa ba. A Indiya B. R. Ambedkar ya jagoranci ƙona littafin dokokin Hindu na Manusmriti a 1927 saboda yadda ya halatta raba mutane aji-aji bisa asalin haihuwarsu, daga baya ya shiga addinin Buddha a 1956.

A fagen doka, Amurka ta haramta kafa addinin gwamnati a 1791, Faransa ta raba coci da gwamnati a 1905, Turkiyya ta rushe halifanci a 1924. Wasu gwamnatocin kuma sun wuce gona da iri: Tarayyar Sobiyet ta rufe dubban wuraren ibada ta kashe malaman addini, Albaniya ta hana ibada baki ɗaya a 1967. Wannan tilas ce irin wadda aka yi wa Calas, kuma masu kare addini na yawan kafa hujja da ita.

Ma'anar rayuwa

Friedrich Nietzsche ya ga cewa raunin imani a Turai zai girgiza ginshiƙin ɗabi'unta, kuma ya ɗauki hakan babban al'amari mai ban tsoro. Sigmund Freud ya danganta imani a 1927 da buƙatar kariya irin wadda yaro ke nema wurin uba. Albert Camus ya ce mutum na iya rayuwa da mutunci ko da duniya ba ta ba shi amsa ba. Masu addini na mayar da martani cewa bayyana dalilin da ya sa mutum ya yi imani ba ya nuna cewa abin da ya yi imani da shi ƙarya ne.

Wannan zamani

Tsakanin 2004 da 2007 littattafan Sam Harris, Richard Dawkins, Daniel Dennett da Christopher Hitchens sun sake tayar da muhawarar. Wasu masana, har da marasa addini, sun zarge su da ƙarancin sanin addinan da suke suka. Batun ko addini ne ke haddasa yaƙi, ko kuwa siyasa da dukiya ne ke fakewa da shi, har yanzu ana jayayya a kansa.