Ginin tubali a ƙasar Tawa

Ginin tubali shi ne tayar da bango ta hanyar jera tubali, dutse ko bulo ɗaya kan ɗaya, ana haɗa su da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ko siminti. Irin wannan bango yana ɗaukar nauyin da ya danne shi daga sama, amma ba ya jure ja ko lanƙwasa. Kusan duk dabarun magina daga wannan hali suka fito.

Shi ya sa bangon ƙasa yake da kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama. Tubalin gargajiya da hannu ake mulmula shi, gindi faɗi, kai tsini. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a shanya tubalin a rana, sannan magini ya jera shi a tsaye, yana cike tsakani da laka. Wurin rufi kuwa, tunda ƙasa kaɗai ba ta tsallake faɗin ɗaki, sai a kawo azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a ɗaure ta gaɓa-gaɓa cikin laka har ta zama bakan gizo, wato ginin baka mai tallafe rufin.

Masallacin Juma'a na Yama, a jihar Tawa ta Nijar, shi ne misalin da aka fi sani. Magini Falke Barmu ya fara shi a 1962 da gudummawar mutanen gari, aka sake rufinsa da baka da ƙubba a 1975, daga baya aka ƙara hasumiya huɗu, kowace da siffarta. Ya samu lambar yabo ta Aga Khan kan fasahar gine-gine a 1986.

Babban abokin gabar ginin ƙasa ruwa ne. Indararo ya toshe, damina ɗaya ta isa ta cinye kan bango. Don haka ake sabunta yaɓe, wasu da makuba ta kwasfar ɗorawa. Shafe bangon ƙasa da siminti, duk da farin jininsa, sau da yawa ɓarna ce, domin laima takan maƙale a ciki har shafen ya ɓamɓare.

A birane kamar Yamai bulon siminti ya mamaye, da ginshiƙan kankare masu ƙarfe a ciki, ƙarfen ne ke ɗaukar jan da bulo ba ya iyawa. Jihar Tawa na da masana'antar siminti a Malbaza. Sai dai ɗakin bulo da kwano yana tafasa a bazara. A ƙauyen Dandaji na jihar Tawa, sabon masallacin da aka kammala a 2018 da bulon jar ƙasa da inji ya matse aka gina shi, tsohon kuma aka mayar da shi ɗakin karatu.