Salwa: sunan tsuntsu ne ko sunan mutum?

Kwanan baya aka yi suna a gidan wani ɗan'uwanmu a Garwa, ƙasar Kamaru. Liman ya raɗa, maroƙi ya ɗaga murya ya ce sunan jaririya Salwa. Kafin a gama feɗe rago magana ta kai cikin gida. Kakar yarinyar ta wajen uba, tana kan tabarma tana rabon goro, ta sa aka kira mata ɗanta. Ta ce, "Kai, sunayen matan Annabi da 'ya'yansa ƙarewa suka yi, har sai ka je kasuwar kaji ka samo mata suna?" Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ai a cikin Alƙur'ani yake." Ta ce, "To, jaki ma ai yana ciki."

Aka kwashe da dariya, amma tsohuwa ba wasa kawai take yi ba. Ga tambayoyin da aka wuni ana jefawa a zauren, da abin da na sani a kansu.

Mece ce ma'anar Salwa?

Kalmar Larabci ce, kuma fuska biyu gare ta. Ta farko sunan tsuntsu, wanda mu ma da Hausa salwa muke ce masa. Ta biyu ta fito daga tushen sinun, lamun da wawun, wanda ke nufin hucewar zuciya bayan baƙin ciki. Duk mai zuwa tafsirin azumi ya taɓa jin malam ya ce wannan aya "tasliya" ce ga Manzon Allah, wato lallashi da kwantar da hankali. To, gida ɗaya suka fito. Balarabe in ya sa wa 'yarsa Salwa, galibi wannan yake nufi: abar da ta sanyaya masa rai.

Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Kakanninmu in mace tana wabi sukan kira yarinyar da ta zo Ajuji ko Ayashe, a nuna kamar ba a damu da ita ba don ta tsaya. Salwa kuwa fitowa fili take ta ce an yi kuka, yanzu an samu mai share hawaye. Shi ya sa a ganina ya fi dacewa da yarinyar da aka daɗe ana jira, ko wadda ta zo bayan rashi.

Wane irin tsuntsu ne?

Ɗan dunƙule ne, bai kai makwarwa ba, launin ƙasa da zane-zane, nauyinsa wajen giram 100. Ya fi son laɓewa cikin ciyawa da tashi sama. Amma kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka: daga Turai yake tasowa ya ƙetare tekun Bahar Rum ya zo ya ci sanyi a Afirka, har yankinmu na Sahel. Garken kan sauka a gaɓar Sina'i a gajiye liƙis, shi ya sa mutanen can tun zamanin da suke kama su da raga cikin sauƙi. Wanda ake kiwo a keji, ake sayar da ƙwansa mai ɗigo-ɗigo, ɗan'uwansa ne ɗan asalin Japan. Ƙwansa kan ƙyanƙyashe a kwana 17 ko 18, macen kuma ta fara saka nata tana da mako shida zuwa bakwai.

A ina ya zo a cikin Alƙur'ani?

Wuri uku: Baƙara aya ta 57, A'arafi aya ta 160, da Ɗaha aya ta 80. Ko'ina tare yake zuwa da "manna", abincin da Allah Ya saukar wa Bani Isra'ila a jeji zamanin Annabi Musa. Mafi yawan malaman tafsiri sun tafi a kan tsuntsun nan ne da Larabawa ke kira summana. A fassarar Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi an ce "darɓa da tantabaru", don haka in ka ji wani ya dage cewa Salwa tantabara ce, ka san inda ya samo. Labarin yana cikin Attaura ma, kuma kalmar Ibrananci "selaw" take, kusan baki ɗaya da ta Larabci.

Ba abincin nan ba ne da Bani Isra'ila suka raina?

Shi ne. A Baƙara aya ta 61 suka ce ba za su iya haƙuri da abinci iri ɗaya ba, a fito musu da ganye da albasa da makamantansu. Annabi Musa ya ce musu za ku musanya mafi alheri da mafi ƙasƙanci? Ka ga ke nan salwa ce aka kira mafi alheri. Laifin na masu butulci ne.

Ya halatta a sa wa mutum sunan tsuntsu?

Ya halatta. Ikrima ɗan Abu Jahal sahabi ne, ma'anar sunansa macen tantabara, kuma Annabi (SAW) bai canza masa ba. Usama zaki ne. Haisam, da ya cika unguwanninmu yanzu, ɗan gaggafa ne. Sunayen da Annabi ya canza su ne masu mummunar ma'ana ko yabon kai: ya mai da Barra, wato "mai nagarta", ta koma Zainab, ya mai da sunan wata 'yar Sayyidina Umar daga "mai saɓo" zuwa Jamila.

Sai dai a nan ina bayan Hajiya. Zuwan kalma cikin Alƙur'ani ba ya mai da ita sunan kirki. Fir'auna yana ciki, Hamana yana ciki, Zaƙƙumu ma yana ciki. An shiga wani yayi na buɗe Mus'hafi a tsinko kalmar da ta yi daɗi a kunne, ba tare da an leƙa wajen malami an tambayi fassara ba. Salwa ta tsira ne don ma'anarta mai kyau ce ta kowace fuska. Da uban yarinyar ya ce wa mahaifiyarsa "sanyin zuciya" yake nufi, da tuni an wuce wurin.

Sunan ya yaɗu a wajenmu?

Bai yaɗu ba. Ka shiga ajin Islamiyya a Garwa ko Marwa ko Ngaundare ka kira A'isha ko Hauwa'u, kawuna da yawa za su ɗago. Ka kira Salwa, da wuya ka samu amsa. A Kusiri da Injamena, inda Larabci ke bakin mutane a kasuwa, kunne ya fi sabawa da shi. Gidansa na ainihi Masar da Sudan da Tunisiya da Maroko, kuma ta hannun ɗaliban da suka yi karatu can da tashoshin Larabawa yake shigo mana. Masu bin wasanni sun san Salwa Eid Naser, haifaffiyar Najeriya mai yi wa Bahrain gudu, wadda ta ci zinare a tseren mita 400 na duniya a Doha a 2019 cikin daƙiƙa 48.14.

Sau da yawa ma ba sunan yanka ba ne. An mai da sunan mahaifiyar miji, uwar yarinya ba ta iya faɗinsa don kunya, sai a nemo alkunya mai daɗi. Ta wannan ƙofar su Ilham da Nawal suka shigo, Salwa ma ta bi sahu.

Yaya ake rubuta shi a takarda?

Nan ne a buɗe ido. Takardar haihuwa a wajenmu da Faransanci ake cika ta, don haka ma'aikaci zai iya rubuta Saloua, kai kuma ka je makaranta ka rubuta Salwa. Wani ma Salma zai ji, alhali Salma suna ne daban, daga tushen aminci. Zaɓi rubutu ɗaya, ka rubuta shi da hannunka a ƙyallen takarda ka miƙa, ka karanta abin da aka buga kafin ka bar ofis. Gyaran harafi ɗaya daga baya yakan kai mutum har kotu.

Namu dai Saloua aka rubuta. Hajiya kuwa har yau ba ta kama sunan ba. In an miƙa mata jaririyar sai ta ce, "Kawo kishiyar tawa mai fiffike."