Mazan jiya na rundunar Faransa a Nijar

Mazan jiya suna ne da ake kiran tsofaffin sojoji da shi. A Nijar ya fi nufin waɗanda suka yi yaƙi a rundunar Faransa kafin samun ƴancin kai a 1960, tare da ƙungiyoyinsu da gidajen da suke taruwa.

Asali

Gwamna Louis Faidherbe ne ya kafa rundunar Tirailleurs Sénégalais a 1857. Sunan Senegal ne a kanta, amma daga dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka aka riƙa ɗibar samari, har da Hausawa da Zabarmawa. Da yawa ba da son ransu suka shiga ba, domin kwamandan mulkin mallaka ne ke yanka wa sarakunan gargajiya adadin mutanen da za su kawo. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an kiyasta cewa yankin ya ba da mutane kusan 200,000, kimanin 30,000 kuma ba su dawo ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an tura wasu Indochine (Vietnam da maƙwabtanta) da Aljeriya. Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulkin Nijar a 1974, ya yi aikin soja a wuraren nan biyu.

Ƙungiyoyi da gidajen taro

Bayan 1945 hukumar mulkin mallaka ta gina gidajen da ake kira Maison du Combattant a manyan garuruwan yankin. A irin waɗannan gidaje ake cika takardun fansho, a rubuta wa wanda bai yi boko ba wasiƙa, a haɗa gudunmawar jana'iza, a kuma ji labarin wanda ya rasu. Tsohon soja ya ga duniya, yana jin Faransancin bariki, don haka a garuruwa irin su Tawa ake yawan ɗaukarsa gardi ko tafinta. Suna cikin ƴan ƙasa na farko da aka bai wa damar jefa ƙuri'a. A Yamai akwai hukumar gwamnati mai kula da lamuransu.

Fansho

Nan ne aka fi cutar da su. Dokar Faransa ta 26 ga Disamba 1959 ta tsayar da fanshon sojojin ƙasashen da suka samu ƴanci a inda yake, na Faransawa kuwa yana ta ƙaruwa, har ya ninka nasu sau da yawa, alhali rami ɗaya suka kwanta. A 2001 Conseil d'État, babbar kotun Faransa mai shari'ar ƙararrakin da ake kai hukuma, ta bai wa wani tsohon saja ɗan Senegal, Amadou Diop, gaskiya, amma hukuncin ya zo bayan rasuwarsa. An gyara wani ɓangare a 2007, aka daidaita sauran daga Janairun 2011, lokacin da yawancin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.

Kisan da sojojin Faransa suka yi wa sojojin Afirka a barikin Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, shi ma kan kuɗin da sojoji ke bi ya faru. Hukumar mulkin mallaka ta ce mutum 35 aka kashe, wasu masana tarihi sun ce ɗaruruwa.

Zaman ƙasar waje

Wasu tsofaffin sojojin Afirka sun koma Faransa da tsufansu don samun tallafin tsofaffi, wanda sharaɗinsa a lokacin shi ne zaman wata shida a can kowace shekara. Suna kwana a ƙananan ɗakunan gidajen baƙi, irin na Bondy kusa da Paris, iyali kuwa suna gida. An ɗage musu sharaɗin a Janairun 2023, a watan Afrilu kuma tara daga cikinsu suka koma Senegal.