Tun yaushe kuɗin Inna ya fara shiga tukunya?

Kullum ka leƙa Facebook sai ka tarar ana tafka wannan gardamar, wai matan yanzu sun lalace, 'yan feminis sun hure musu kunne, mace ta samu albashi ta raina miji. Wasu kuma su ce maza ne suka yar da nauyinsu. Kowa na magana kamar shekaranjiya abin ya faɗo daga sama.

Tarihin da aka saba kawowa kam an san shi. Nana Asma'u 'yar Shehu da 'yan taru, wato mata almajiranta, da jajis ɗinta, malamai mata masu yawo ƙauyuka suna karantar da mata, ta rasu 1864. Hajiya Gambo Sawaba a jam'iyyar NEPU da ɗaurin da ta sha. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan 'yan uwansu na kudu sun daɗe da farawa. Kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, a 1985. Duk gaskiya ne, amma ni a ganina ba a nan zaman gidajenmu ya juya ba.

A koma wajajen 1986, lokacin da farashin mai ya faɗi, naira ta fara zubewa, kuɗin da jiya yake kusan kai ɗaya da dala. Kafin nan mace a kulle tana da sana'arta fa, ba zaune take ba. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ɗinkin hula, fura, ƙosai, kitso, yara su kai talla, ta yi adashi. Amma wannan kuɗin nata ne, addini ma haka ya ce, ci da sha da sutura da muhalli a wuyan maigida suke. Abin da ta tara kayan ɗakin 'yarta take saya, kwanuka da tasoshi, sai gudummawar biki da suna. Ba a sa shi a tukunya.

To sai albashi ya daina kai ƙarshen wata, aka shiga rage ma'aikata, masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano suka yi ta ja da baya, masaƙun Kakuri a Kaduna da suka ciyar da dubban gidaje suka ci gaba da rarrafe har suka rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000. Magidanci ya fita da safe ya dawo hannu rabbana. Wa zai bar yara da yunwa? Sai Inna ta kwance bakin zani. Yau ta cika kuɗin cefane, gobe kuɗin makaranta, jibi magani, da sunan rance wanda kowa ya san ba za a biya ba, kuma ta rufa asiri, ko 'yan uwanta ba ta gaya wa. A gidanmu injin taliya 'yar murji ne ya riƙe mu kusan shekara uku, amma a waje Baba ake yi wa sannu da ƙoƙari, ita ma haka take so a ce.

A daidai wannan lokacin kuma 'yan matan da aka zuba firamare a shirin UPE na karatun firamare kyauta na 1976 suka fara fitowa malamai da ma'aikatan jinya, iyayen da da suke cewa boko ɓata tarbiyya ne suka ga 'yar da ke kawo buhun shinkafa ƙarshen wata.

Abin da ke ci min rai shi ne nauyin ya koma kan mata amma shawarar gida ba ta biyo shi ba. Ita ke biyan haya, amma ranar da aka yi saɓani ita ke tattara kayanta. Yaran da suka tashi suna kallon wannan, suna ƙirga wa uwarsu canjin talla da daddare a gaban aci-bal-bal, su ne matan da yau suke rubutu a waya suna cewa ba za su yi irin haƙurin Inna ba.