Ƙuraje bayan allurar riga-kafi: cuta ce ta shiga jiki?

Wurin allurar ya yi ja, ya kumbura, yana ƙaiƙayi. Ƙwayar cuta ce?

Galibi a'a. Garkuwar jiki ce ta farka tana aikin da aka yi allurar dominsa. Kumburin yakan fara cikin kwana ɗaya ko biyu, ya lafa da kansa. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya wadatar.

To ƙurajen da suka feso wa yaro bayan allurar ƙyanda fa?

A nan ne hankalin iyaye ya fi tashi, kuma ba a ga laifinsu ba. Wannan allura tana ɗauke da bairas mai rai, amma wanda aka karya lagonsa. Kimanin yaro 1 cikin 20 yakan fitar da jajayen ƙuraje marasa ruwa, wani lokaci da zazzaɓi, tsakanin kwana 7 zuwa 12 bayan allurar. Kwana biyu ko uku sun baje, kuma ba ya shafa wa kowa.

Lissafin kwanakin nan yana da amfani. Idan washegari ƙurajen suka fito, ga tari, ga majina, idanu sun yi jajir, wataƙila yaron ya riga ya kwashi wata cutar kafin a kai shi, sai a nuna wa likita. Allurar ƙarambau ce kan fitar da 'yan ƙuraje masu ruwa waɗanda, da wuya dai, za su iya yaɗuwa. A rufe su har su bushe. Irin su allurar ciwon hanta nau'in B kuwa babu ƙwaya mai rai a cikinsu balle ta haifar da cuta.

Allurar BCG, ta riga-kafin tarin fuka, ta zama gyambo a damtsen jariri. Ta ɓaci ne?

Haka take yi. Bayan 'yan makonni ƙurji ya taso, ya fashe, ya yi ɓawo, ya bar tabo cikin wata biyu zuwa uku. Kada a matse, kada a shafa komai.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Borin jini da kumburin leɓe ko fuska, numfashi na sarƙewa: wannan ba ya jira. Yakan zo cikin mintuna, kusan sau 1 cikin allura miliyan, shi ya sa ake cewa a zauna minti 15 kafin a tafi. Haka ma jan da ke ta faɗaɗa da zafi da mugunya, ko ɗige-ɗigen da ba sa dusashewa idan aka danna su da gefen kofin gilashi.