Fim ɗin soyayya a kan iyakar Ɗan Issa: tambayoyi da amsoshi ga masu shiri

Me zai raba saurayin Maraɗi da budurwar Katsina, alhali harshe ɗaya ne, addini ɗaya?

Nan yawancin marubuta ke tuntuɓe. Maraɗi da Katsina tsatso ɗaya ne, tun da sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka kafa garin a farkon ƙarni na 19, Turawan Faransa da Ingila kuma suka ja layin daga baya, a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906. Don haka ƙiyayyar iyaye ba za ta ɗauki labarin ba. A bar wa iyakar Nijar da Najeriya, wadda ake tsallakawa ta garin Ɗan Issa, aikinta: shinge, takardu, kuɗi.

Wane lokaci ya fi dacewa a ɗora labarin?

Rufewar iyakar da ta biyo juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023. CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarki, ba a buɗe ɓangarorin biyu ba sai Maris 2024, cikin azumi. Ka ga an sa rana, lokacin aure na kafin azumi ya wuce, ango na Maraɗi, amarya na Jibiya, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba ta gagara. Wayarsa ba caji saboda ɗaukewar wuta. Naira na ta faɗuwa a gaban sefa, lissafin lefe na sauyawa kowane mako. Wannan kaɗai ya isa ya cika shafi 90 na rubutun fim, wato kimanin minti 90 na kallo.

Mene ne ke yawan ɓata irin wannan aiki?

Yanayi. Labarin ya ratsa damina, hunturu da farkon zafi. In aka ɗauke shi duka a mako biyu na rani, mai kallo zai ga busasshen kara a wurin da ake cewa watan Agusta ne. A raba ɗauka gida uku, ko aƙalla a tanadi hotunan gero kore tun da damina.

Sai baki. Bamaraɗe "tahi" yake cewa, da "mi", yana kiran sefa dubu "jika", yana hawa kabu-kabu. Aka sa masa Kananci, an kashe shi tun fitowar farko. Lambar waya ma a kula: +227 a Nijar, +234 a Najeriya.

Za a iya ɗauka a bakin iyakar?

Ba tare da izini a rubuce ba, kada a soma. Ɗaukar shingen jami'an tsaro na iya jawo ƙwace kyamara. Ya fi sauƙi a gina naku a wata hanyar ƙauye bayan an sanar da hukuma da maigari: ganguna biyu, sanda mai ja da fari, rumfar kara, benci. Kakin ƴan duwan (kwastan) da na jandarma daban ne, kada a cakuɗa su.

Sauti fa?

Iskar hunturu na cinye magana. A sa wa makirfo riga mai gashi, a naɗi minti ɗaya na sautin wurin kowa ya yi shiru, don cike giɓi wajen tacewa. Hirar waya kuwa, wadda ita ce rabin fim ɗin, a naɗi kowane ɓangare daban cikin ɗaki, ɗayan yana karanta masa amsa daga bayan kyamara, domin numfashi da ɗan shirun tsakanin kalmomi su zo daidai.