Waiwaye: Sunrise da daren gobarar Little Ferry

Duk lokacin da wani fim ya ɓace daga dandalin kallo na intanet, sai muhawara ta tashi: wa zai adana fina-finai, kuma me zai rage wa 'yan baya? Masu kukan suna yi kamar yau abin ya fara. Ɓatan fim ya girmi intanet nesa ba kusa ba, kuma labarin Sunrise, wani fim marar magana, ya isa shaida.

Bajamushe F. W. Murnau ne ya shirya shi a Amurka a 1927. Wata 'yar birni ta hure wa manomi kunne ya nutsar da matarsa a tafki. Ya kai ta tsakiyar ruwa a kwalekwale, ya miƙe tsaye, sai hannunsa ya kasa. Damin ciyawar ruwa da ya ɓoye don ya tsira shi kaɗai, shi ne daga baya ya ɗaura wa matar a jiki da guguwa ta taso musu. Babu mai furta kalma, fuskar Janet Gaynor, wadda ta fito a matsayin matar, ce ke magana. Mako biyu bayan fitowarsa fim ɗin The Jazz Singer ya zo da murya, kasuwa ta juya. A bikin Oscar na farko, a 1929, Sunrise ya samu kyautar da aka ware wa fasaha, kyautar da ba a sake bayarwa ba. Wannan duk an sani.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daren 9 ga Yulin 1937. A garin Little Ferry na jihar New Jersey akwai rumbun da aka jibge tsofaffin fina-finai. A wancan zamani a kan sinadarin naitiret ake ɗaukar fim, wanda idan ya tsufa yana ruɓewa yana fitar da iska mai kama wuta, kuma in ya kama ko a cikin ruwa ci yake yi. An yi kwanaki ana zafi mai tsanani. Tsakar dare rumbun ya tashi da kansa. Wuta ta lashe gidajen maƙwabta, wani yaro ɗan shekara 13 ya rasu sakamakon ƙuna, faifai sama da 40,000 suka ƙone. Asalin faifan Sunrise yana ciki.

Ni abin da ya biyo baya ya fi tsaya min a rai. An kwashe tarkacen a manyan motoci 57 don a tace azurfar da ke jikin faifan, aka samu kusan dala 2,000. Kuɗin ke nan. Zamanin gaba ɗaya haka ya ɗauki fim marar magana: kayan da kasuwarsa ta ci ta watse, ajiyarsa asara, ga haɗari. Zafi ya kunna wutar, amma shekara goma kafin nan aka daina ganin darajar abin da ke cikin gwangwanayen.

A 2013 rahoton ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finai marasa magana na ƙasar sun salwanta. Sunrise ya tsira ne da kwafin da ke wani wuri daban, sai kuma wani da aka samu a birnin Prag, wanda ya fi gajarta amma hotonsa ya fi fitowa tas. A 2012 masu sharhi suka sa shi na biyar a jerin fina-finai mafi kyau na mujallar Sight and Sound, kuma tun 2023 kowa na iya nuna shi a Amurka ba da izini ba.